Baƙo da Hadarin Gabas a Hanyar Wurno

 Ga damina ta kankama, taurarin ruwa sun shigo, amma masu fatauci da masu ziyara ba su fasa hanya ba, domin ciki ba ya jiran kaka. Saboda haka na ga ya kamata in ba da labarin wata tafiya da na yi zuwa Wurno, garin da ban taɓa sa ƙafata cikinsa ba sai ran nan, cikin goman ƙarshe na watan Azumi na shekarar 1431, watau farkon Satumba na 2010. Duk mutumin ƙasar Sakkwato ya san abin da shekarar nan ta zo da shi.

Daga Kano na taso da buƙata biyu. Ta farko in ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta biyu in nemi tafarnuwa wajen masu ajiya, gama ta Wurno ta yi suna, kuma kuɗinta yakan hau idan aka yi nisa da lokacin haƙarta. Na sauka Sakkwato da niyyar kwana biyar, hukuncin tafiya ya yanke, kuma tsakanin Sakkwato da Wurno bai kai mil 48 da malamanmu suka ƙayyade ga kasaru ba, don haka da azumi a bakina na shiga mota bayan la'asar. A nan na fara kuskure. Da na tashi da hantsi da na isa da rana tsaka, amma na tsaya jiran wani kuɗi, baƙo kuwa ko da ido makaho ne, ban san sararin ƙasar nan yakan juya da yamma ba.

Tun muna tasha gari ya yi tsit. Iskar da ta wuni tana kaɗawa daga kudu maso yamma ta ɗauke, zafi ya danne mutane, ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi. Da muka fita bayan gari sai ga wani baƙin abu ya tokare gabas tun daga ƙasa har rabin sama, ƙasansa ja wur, walƙiya tana wasa cikinsa ba a jin ƙararta. Kusa da ni akwai wani dattijo mutumin Goronyo, mai fataucin albasa, da tasbaha a hannu. Ya daɗe yana duban abin nan, sa'an nan ya taɓa kafaɗar direba ya ce, "Yaro, wanga hadari ba na wucewa ba na. In mun kai Achida mu tsaya."

Direba ya ce, "Haba Baba, ai muna isa Wurno kamin shi sauko."

Dattijo ya ce, "Gaggawar mi kaka yi? Kai kana zuwa wurinai, shi yana zuwa wurinka, ina za ku kauce ma juna?"

Maganar nan ta tsohon ta fi ƙarfin yadda na ɗauke ta a lokacin. Masu binciken yanayi sun tabbatar da abin da manoma suka sani tun kaka da kakanni, cewa laimar damina daga teku take zuwa, iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko ta, amma manyan hadura na ƙasashenmu daga gabas suke tasowa su nufi yamma, a jere kamar sahu, wani sa'i tsawon sahun ya kai ɗaruruwan kilomita, gudunsa kuwa kamar kilomita 50 cikin awa guda. To, wanda ya fito daga Goronyo ko Wurno ko Rabah ya nufi Sakkwato, hadari a bayansa yake, yana iya tsere masa. Wanda kuwa ya fito daga Sakkwato ya nufi waɗannan garuruwa, gaba da gaba za su yi, gudun mota da gudun hadari sun haɗu sun cinye tazarar da ke tsakani. Abin da ido ya ƙiyasta awa guda, sai ya zama rabi.

Ba mu kai ga shiga Achida sosai ba sai wata iska mai sanyi ta buge mu daga gabas, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dattijo ya ce wannan ita ce ɗan aike, ruwa yana bayanta kaɗan. Kafin a ce haka ƙura ta rufe hanya, ba a ganin gaban mota, awaki suna gudu suna kuka, wani kwanon rufi ya taso ya gifta ta gabanmu kamar takarda. Direban da ke gardama ɗazu shi ya fara neman wurin tsayawa, ya nufi gindin wata babbar itaciya, tsoho ya daka masa tsawa ya ce ya matsa fili, gama itacen da ya fi kowa tsawo shi aradu ke nema, kuma reshe ba ya sallama kafin ya faɗo. Muka tsaya kusa da wani masallacin unguwa, muka ruga ciki, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

A nan ne wani malamin makarantar boko da ke cikinmu ya koya mini wani lissafi da har yau nake amfani da shi. In ka ga walƙiya sai ka fara ƙirga sakan har ka ji tsawa. Kowane sakan 3 kilomita guda ke nan tsakaninka da inda ta faɗi, ko ka ce kowane sakan 5 mil guda, domin haske yana isowa nan take, ƙara kuwa sai ta yi tafiya. Muka ƙirga tare, da fari goma sha biyu, can shida, can kuma walƙiya da tsawa suka zo tare, har fitilar hannun ladan ta faɗi.

Ni fa hankalina duk yana ga gafakata. Cikinta akwai Alƙur'ani rubutun hannu na mahaifina, warƙa warƙa, kuma kowane almajiri ya san tawadarmu ta gawayi da ƙaro ba ta da amana da ruwa, ɗigo guda ya isa ya shafe aya. Na baro ta cikin jaka a saman mota ƙarƙashin tamfol, ga tamfol ɗin iska ta yage. Yaron mota ne, Allah ya saka masa, ya hau cikin ruwan nan ya sauko da ita. Fatar gafaka ta jiƙe, gefen warƙoƙi kamar ashirin ya taɓu, rubutu bai lalace ba. Tun daga ran nan ba na fita da littafi cikin damina sai na naɗe shi cikin leda biyu na rungume shi a jikina, kuma ina ba alarammomi masu yawo da almajirai shawarar haka, ko da za a ce sun ƙasƙantar da gafaka.

Muka sha ruwa da dabinon tsoho da furar da maƙwabta suka aiko da ita cikin ruwan nan. Liman ya haɗa magariba da lisha kamar yadda mazhabarmu ta yarda a daren ruwa, ya ce kowa ya yi asham a gidansa bayan shafaƙi ya ɓace. Mu baƙi muka kwana nan kan tabarmi. Ƙarfin hadarin bai wuce awa guda ba, amma yayyafi ya bi bayansa har tsakar dare, ana jin cida tana nisa tana nufar yamma.

Da safe muka ƙarasa. A wani kwari kafin gari ruwa ya haye hanya yana gudu, direba ya so ya kutsa, aka hana shi sai da wani saurayi ya shiga da sanda ya auna, muka jira ya janye. Jama'a su riƙe wannan: ruwa mai gudu da ya kai taƙi guda yana iya kayar da ƙato, wanda ya kai kamu guda kuwa yana iya ɗaga ƙaramar mota, kuma ba wanda ya san ko kwalbatin da ke ƙarƙashi yana nan ko ya tafi.

Wurno gari ne a kan tudu, yana kallon fadamar Rima. Wanda ya tsaya can sama ya duba zai gane abin da ya sa Muhammadu Bello ya zaɓe shi ribaɗi, gama ana hango mai zuwa tun daga nesa, ga ruwa ga ƙasar noma a ƙarƙashi. A nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake, kuma ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya fi zama. Ba ni ne baƙon farko da daminar Wurno ta tsare ba. Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo garin a 1853, ya komo ta nan a daminar 1854 daga Tumbutu, ya yi fiye da wata guda yana jinyar ciki, bai kama hanyar Kano ba sai cikin Oktoba da ruwa ya ɗauke. Fataken da ma haka suke yi. Madugu ba ya tayar da ayari cikin marka sai da larura, a yada zango a jira, jaki da kaya su tsira.

Na yi ziyara, na sauka gidan wani malami wanda aka haɗa ni da shi, na sami tafarnuwa buhu shida. Mai ita yana wani ƙauye a hayin gulbi, aka ce in je in gani in biya. Gari ya waye tas, rana ta fito, ko gajimare babu. Na ce wa mai masaukina zan ƙetare in komo kafin azahar, kashegari kuma in wuce Rabah in ga garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, inda ya yi hakimci tun 1934.

Ya ce, "Malam, ka dubi sama, ba ka dubi ƙasa ba. Taho in gwada maka."

Ya kai ni bakin fadama ya nuna mini wani turke da yara suka kafa jiya da maraice a bakin ruwa. Turken nan ruwa ya shanye shi saura kai. Ga ruwan ja, yana ɗauke da karan gero ɗanye da kumfa da rassan itace. Ya ce ruwan da ke ɗauke da ɗanyen kara ya riga ya ci gonar wani a can sama, kuma bai ƙoshi ba. Hausawa sun ce hadarin ƙasa maganin mai kabido, sai ran nan na ga ma'anarsa da idona.

Ga yadda abin yake, don amfanin baƙi irina. Gulbin Rima ba ruwan Wurno kaɗai yake ɗauka ba. Bunsuru da Gagare suna kawo masa na ƙasar Katsina da Zamfara, Gulbin Maraɗi kuma yana tasowa daga ƙasar Katsina ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar ya komo ya zuba cikinsa. Ruwan da aka yi a waɗannan ƙasashe yau, sai bayan kwanaki yake isowa, ko da nan ba a yi ɗigo ba. Duk wannan yana taruwa a madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, tsawonta kilomita 12 da rabi, tana ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, tana hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Rabah kuwa a bakin Gulbin Sakkwato take, wanda ke fitowa ta Zamfara ya ratsa madatsar Bakolori da aka gama a 1978. Gulaben biyu suna gamuwa kusa da birnin Sakkwato su nufi Argungu da Birnin Kebbi. Shekarar da duka biyu suka cika tare, ruwa ba shi da wurin zuwa sai gonaki da gidaje.

Na fasa ƙetarewa, ba don na gamsu ba, sai don kunyar mai gida. Kwanaki kaɗan bayan haka abin da ya faru ya faru. Madatsa ta cika, an buɗe ƙofofinta tun farkon Satumba, bayan kamar mako guda mafitar rarar ruwa ta ɓalle, ruwa ya kwararo fadama cikin kwanakin Ƙaramar Salla. Ƙauyuka na ƙasar Goronyo da Wurno da waɗanda ke ƙasa da su suka nutse, gero da shinkafa da ke dab da nuna suka tafi, rumbuna suka narke, dubun dubatar mutane suka rasa matsuguni suka koma makarantu da tuddai. Gadar da ta haɗa birnin Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke, sai da jirgi ake ƙetarewa. Daga tudun Wurno ina kallon inda jiya gonaki ne ya zama teku, kawunan itatuwa kawai ake gani, a kan wasu har da mutane suna jiran masu jirgi. Ƙauyen mai tafarnuwata yana cikin waɗanda suka tafi. Shi da iyalinsa sun fita da ransu, buhunan nan shida da sauran abin da ya ajiye ba a ga ko ɓawonsu ba. Na yi Salla a Wurno cikin rigar aro.

Abin mamaki, madatsar nan da ta yi wannan aiki ita ce a ranin 2018 ta ƙafe har ruwanta ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma, masu noman rani suna kuka, birnin Sakkwato yana tsoron ƙishirwa. Ƙasar da ruwan shekararta bai fi milimita 600 zuwa 700 ba, kuma mafi yawansa cikin Yuli da Agusta yake zuba, haka take, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Malamanmu masu hisabi suna da nasu ma'auni. Sun raba shekara ga taurari 28, kowane kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, kuma suna lissafa na damina tun daga Haƙ'a da Han'a da Zira'a har Nasara da Ɗarfa da Jabha, manomi ya san lokacin shuka da lokacin da ƙasa ke ƙoshi. Ilmi ne mai amfani, ban yarda da masu raina shi ba. Sai dai yana gaya maka lokaci ne, ba ya gaya maka abin da aka yi shekaranjiya a Maraɗi ko Ƙaura Namoda. Wannan sai rediyo da waya, da sanarwar hukumar hasashen yanayi da ta kula da koguna, waɗanda kowace shekara sukan ambaci ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya cikinsu. Falken da ya san ranar cin kowace kasuwa da farashin buhu a Legas, bai kamata a ce ba shi da lambar mutum guda a Goronyo da zai tambaya yaya gulbi ya kwana ba.

Na san abin da 'yan kasuwar gabashin Sakkwato za su ce, kuma suna da gaskiya. Za su ce, Malam, kai kana maganar jira, mu kuwa jira ya fi hadari tsada. A da mutum yakan kwana inda dare ya same shi. Shekarun nan da ɓarayin daji suka addabi yankin, har suka auka wa kasuwar Goronyo a Oktoba na 2021 suka kashe mutum fiye da 40, ba mai son magariba ta same shi a hanya, wasu ƙauyuka kuma sun mai da gulbi hanyarsu domin ta tudu ba ta biyuwa. Sai mutum ya zama tsakanin abu uku, hadari a gabas, dare a gaba, gulbi a ƙasa, ga kasuwa ran Lahadi kaɗai take ci, wanda ya rasa ta sai wani mako. Wannan matsi shi ke cusa mutum hamsin da babura da buhuna cikin jirgin da aka sassaƙa don rabin haka. A Agusta na 2025 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife, aka yi kwanaki ana neman mutane cikin ruwa. Dokar hanyoyin ruwa ta hana lodi fiye da ƙima, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ruwa, amma doka tana takarda, mashigi yana daji. Abin da na gani yana aiki shi ne sammako, gama manyan hadura sun fi tasowa daga la'asar zuwa dare, da kuma dattijo guda a bakin mashigi wanda in ya ce jirgi ya cika ba mai ƙara ƙafa.

A nan ne nake so malamai su sa baki, domin mas'alar ba baƙuwa ba ce ga littattafanmu. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hukuncin mai jirgi, ba a ɗora masa biyan kayan da suka nutse, shi kuma ba shi da kuɗin fito sai ya kai su gaci. Masu sharhi sun bayyana wannan sauƙi na wanda bai yi sakaci ba ne, bai kuma ƙetare iyaka ba. Haka nan malaman mazhabar Maliku sun yi magana a kan jirgin da ya ji tsoron nutsewa aka zubar da kayan wani don a tsira, suka ce hasarar a raba ta kan dukiyar fatauci da ke cikin jirgin, kada a bar mai kaya shi kaɗai. Ban taɓa jin an yi aiki da wannan a mashigan Rima ba, abin da na fi ji shi ne rigima da rantsuwa.

Amma ga wadda ta fi damuna, na kuma sa ta gaban malamai biyu suka saɓa. Mai jirgi ya ce jirgi ya cika, ga hadari ya haɗo, ba zai tashi ba. Fatake suka matsa masa, wani ya ƙara masa kuɗi, wani ya ce in dare ya yi musu a nan alhakinsu yana wuyansa, har ya tura jirgi ba da son ransa ba, aka kai tsakiya iska ta juya shi, kaya suka tafi, rai ya salwanta. Malami na farko ya ce lamuni yana kan mai jirgi, domin shi ne masanin ruwa, kuma matsin baki ba tilas ba ne a shari'a. Na biyu ya ce waɗanda suka shiga da saninsu sun yafe hakkinsu na kaya, saura maganar yaro da macen da ba a shawarce su ba. Ina roƙon malaman Wurno da Rabah da Goronyo, da alƙalan da irin wannan ƙara ta taɓa zuwa gabansu, su rubuto wa wannan fili abin da suka gani da hujjarsa, a buga kafin Jabha ta shigo.